Rasuwar Haƙora-Huɗu, Dayis ɗin Shagon Malam Halliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata tambaya da ta fi ƙarfin mai ita, Malam Halliru mai injin tana na bakin titin Daura, Kazaure, yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa na Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, rasuwar abokin aikinsa na shekara talatin da ɗaya, wato dayis ɗinsa na yanka zaren ƙarfe, wanda aka fi sani da Haƙora-Huɗu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, da ƙarfe a bakinsa.

Tambayar kuwa ita ce: idan abu ya faru a gaban mai shaida ɗaya tak, kuma mai shaidar ba shi da harshe, sannan ya zo ya mutu, gaskiyar da ya gani tare da shi ake binne ta, ko gado take zama a wuyan wanda ya rage? Malam Halliru bai yi boko mai nisa ba, allon ma bai sauke ba. Kwana uku yana juya tambayar nan kamar yadda yake juya ƙarfe, bai fere mata ko kai ba. Ya dai tambayi limamin layinsu ko ya halatta a yi wa ƙarfe salati. Liman ya ce masa musiba ko ta igiyar takalmi ce, ana cewa daga Allah muke, gare shi za mu koma. To, ya faɗa. Ɗaya tambayar bai kai wa liman ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: dunƙulen ƙarfe ne, bai fi kan ɗan akuya girma ba. A bakinsa akwai haƙora huɗu da ake zarewa a mayar, kowanne da lambarsa a buge a jikinsa, kowanne da ɗakinsa. Injin tana yakan kama sandar ƙarfe ya yi ta juya ta, shi kuma marigayi ya ciji kan sandar ya fitar mata da zare, wato murɗaɗɗen layin nan da noti ke hawa, wanda makanikai ke ce wa tiredi. Duk famfon da ke ba da ruwa daga nan har iyakar Gwiwa, sandunan da ke cikinsa da zare ake haɗa su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan rijiya. Da yawa daga cikinsu ta bakin marigayi suka bi.

An samo shi ne a Kano, cikin tarkacen wata masaƙa da ta rufe. Ba takarda, ba wanda zai yi bayani. Wata uku Malam Halliru yana ɓata ƙarfe kafin ya gane cewa haƙoran nan suna da tsari kamar sahun sallah: ɗaya, biyu, uku, huɗu, na baya yana bin sawun na gaba. In aka sauya wa biyu ɗaki, kowanne sai ya ci rabon ɗan'uwansa, zare ya fito a rame. Wannan darasi da kansa ya koye shi, ya kuma yi shekaru yana alfahari da shi.

Marigayin mai ƙana'a ne. Bai taɓa neman abin da ya wuce ɗigon baƙin mai ba. Ba shi da surutu. In yana aiki abin da ake ji kawai shi ne “shiiii, shiiii,” a hankali, kamar mai rarrashin jariri, ƙarfe yana zubowa daga gefen bakinsa a nannaɗe. Amma babban halinsa, wanda har mutane kan tsaya a ƙofar shago don su gani, shi ne ya san lokacin saki. Da zarar zare ya kai iyaka, sai ka ji “ƙwas!” ya buɗe baki da kansa, ya saki sandar, ba sai an juya inji baya ba, ba sai an roƙe shi ba. Malam Halliru ya zauna da mutane shekara sittin da huɗu, waɗanda ya gani da wannan hali ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba ya cikinsu.

Ya rasu ya bar injin tana, wanda yanzu yake tsaye a lulluɓe da buhu. Ya bar sifanu goma sha ɗaya, biyu daga ciki aro ne da aka manta masu su. Ya bar gwangwanin baƙin mai da gashin kazar da ake ɗiga masa. Ya bar Dagaci.

Dagaci shi ne ƙaton ƙarfen nan da ke zaune a ƙarshen injin, wanda ke riƙe da marigayi ta ƙeya. Ka'idar aikin ita ce, in dayis ya ciji sanda ba a ɗaure wannan ƙarfe, ana barinsa a sake, don zaren da kansa yake jan dayis gaba, dayis kuma ya jawo na bayansa. A ƙananan injuna haka abin yake tafiya salin-alin. Amma na wannan shago nauyin ɗan maraƙi gare shi, ba ya tashi sai da rakiya, shi ya sa aka naɗa shi Dagaci. Dole wani ya sa kafaɗa ya tura shi daidai da tafiyar zare, kada ya riga, kada ya makara. In ya makara, nauyin sai ya koma kan zaren, shi ma ya fito a rame.

Akwai suna ɗaya da Malam Halliru ya rubuta cikin waɗanda aka bari, ya soke, ya sake rubutawa, har takarda ta kusa hujewa. Sama'ilu ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana tura Dagaci. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, da wani tsumma da yake ninkawa huɗu ya ɗora a kafaɗar dama. Ba ya kallon sandar in yana turi, ido yake rufewa. Yakan ce kafaɗarsa kunne gare ta. Tsakaninsu kuwa wasan taubasai ne daga buɗe shago har rufewa.

“Makaho, kunna mana, ko sai na riƙe maka sanda na kai ka wajen makunnin?”

“Jakin gidanmu, kai dai tura. Wa ya taɓa neman shawarar jaki a kan kaya?”

“Jakin da ya san hanya ai ya fi mai shi. Bismillah.”

Daga nan sai “shiiii, shiiii,” sai “ƙwas!” Da azahar su dama fura a ƙwarya ɗaya.

Jinyar marigayi ta shekara huɗu ce, kuma ya kamata a faɗi mafarinta, tunda ba a taɓa faɗa ba.

A tsakiyar bazara ne Musaddiƙ mai gyaran famfo, mutumin Gwiwa, ya kawo sanduna goma sha biyu na rijiyar Gidan Bunu da ke ƙasar Roni. Rijiya ɗaya ce a garin, da ita mutane ke sha, da ita Fulanin gefen gari ke shayar da maruƙa. Da safiyar ranar, kafin Sama'ilu ya iso, Malam Halliru ya zare haƙoran marigayi ya wanke su da kananzir ya mayar. Idonsa ya riga ya fara hazo a lokacin, amma bai yarda ba, don kada sunan da taubashinsa ke kiransa ya tabbata. Suka yanka sandunan, motar Musaddiƙ tana jira a waje. Da Sama'ilu ya gwada noti a ta farko, ya girgiza shi da yatsa.

“Makaho, notin nan rawa yake yi fa.”

“Ango ya gani. Ɗaure su, mutane na jin ƙishi.”

Aka ɗaure, aka tafi da su.

Washegari da safe Malam Halliru ya fito da marigayi bakin ƙofa inda haske yake, don ya goge shi. Ya kai shi kusa da hancinsa, ya karanta lambobin. Ɗaya, uku, biyu, huɗu. Ya sake karantawa. Ba kowa a shagon sai shi da mai haƙoran. Daga Kazaure zuwa Gidan Bunu ba ta kai tafiyar awa guda a babur ba, kuma lambar Musaddiƙ tana cikin wayarsa. Abin da ya yi shi ne, ya mayar da biyu ɗakin biyu, uku ɗakin uku, ya ce wa ransa ƙila su riƙe.

Kwana tara suka riƙe. Ran na goma zare ya zame, sanduna suka tsinke suka faɗa ƙasan rijiya da duk abin da ke rataye a jikinsu. Musaddiƙ ya zo da mai garin da dattawa uku, da guntun sandar da ta rage a sama. Aka tsaya a ƙofar shago, maƙwabta suka taru. Mai gari bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi yana so ya san abin da zai gaya wa mata. Malam Halliru ya karɓi guntun, ya shafa zaren da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman abin da bai sani ba.

“Kafaɗa ce,” in ji shi. “Mai turi ya makara. Tsufa ya kama jakin.”

Mutane suka yi dariya, don kowa ya san tsakaninsu. Sama'ilu ma ya buɗe baki zai rama. A nan ne Malam Halliru ya ƙara kalma huɗu da ba sa cikin wasan taubasai: “Ba wasa nake ba.”

Abin da ya sa ƙaryar ta zauna daram shi ne tana kama da gaskiya. Makarar mai turi da sauyin haƙora, ciwo iri ɗaya suke sa wa zare. Duk wanda ya san aikin zai yarda. Sama'ilu ya san aikin, shi ya sa ya yarda. Ya juya ya kalli kafaɗarsa ta dama kamar wani baƙo ne ya dafa shi. Sannan ya durƙusa gaban mai gari ya ce, “Ranka ya daɗe, ku yafe ni. A gaya wa matan ni ne.” Ya ninke tsummansa ya ɗora a kan Dagaci. Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Babura, garin matarsa. Bai yi fushi ba, har sallama ya zo ya yi. Da fushi ya yi, da abin ya zo da sauƙi.

Wata biyar matan Gidan Bunu suna tafiya fadama da jarkoki kafin a samu a ƙwaƙulo sandunan.

Tun daga nan marigayi bai sake samun turi irin wanda ya saba ba. Malam Halliru ya ƙi ɗaukar kowa. Ya ce wa masu tambaya mutanen yanzu ba su da kafaɗa, amma gaskiyar ita ce ba ya son wani ya tsaya a wurin. Da fari da ƙugu yake tura Dagaci, hannu ɗaya a kan makunni, har ƙugun ya fara hana shi ruku'u. Daga baya ya yanko tsohon tiyub ɗin babur, ya ɗaura ɗaya bakin a wuyan Dagaci, ɗayan a jikin injin, roba tana ja, shi yana taimaka mata da tafin hannu. Dabara ce, kuma ta yi aiki, amma roba ba ta da kunne. Da farko ta fizga, a ƙarshe ta saki jiki. Muryar marigayi ta sauya, “shiiii” ta koma “ƙirrr, ƙirrr.” Haƙori na uku ya ɓalle a gefe. “Ƙwas” ɗin ma ta fara nauyi, wani lokaci sai an ɗan buga masa ƙeya da ƙotar guduma kafin ya tuna.

Shagon kuma ya yi shiru irin wanda ƙarar inji ba ta korewa. Malam Halliru yakan ce “jakin gidanmu” a ransa, ba mai ramawa. Mai fura ta yi wata biyu tana kawo ludayi biyu bisa sabo, bai hana ta ba, ita ce da kanta ta daina.

'Yarsa Halimatussa'adiyya, wadda ke koyarwa a Roni, ita ce ta matsa har ya karɓi tabarau. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta biyo ta shago, ta zauna a bencin ƙofa, ta kalli tiyub ɗin nan ta girgiza kai.

“Baba, don girman Allah, Babura ce fa, ba Makka ba. Ka je ka taho da Baffa Sama'ilu. Ko laifi ya yi, shekara nawa yanzu?”

“Na kore shi ne? Ƙafar da ta kai shi ta san hanyar dawowa.”

“To ko gaisuwa ka aika. Ranar suna a gidan ɗansa Yaya Muhsin, Baffan yana ta tambayarka, wai ya idon Makaho.”

“Ki ce masa ido ya samu gilashi. Tashi ki tafi gida, uwarki na jira.”

Sau nawa aka yi haka, bai ƙirga ba. Ita tana ganin taurin kai ne na wanda aka ɓata wa. Bai gyara mata fahimta ba. Yakan ce wa kansa tono maganar ba zai mayar wa matan Gidan Bunu tafiyar da suka yi ba, kuma mutumin da ya riga ya haƙura, me ya sa za a fama masa? Hujja ce mai kyau. Ya lura dai cewa duk hujjar da ya ƙera a kan wannan magana, shi take bari a inuwa.

Ranar Talatar da abin ya faru, Musaddiƙ ne ya sake kawo sanduna, na wani ƙauye a bayan Gwiwa. Ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa, Malam Halliru ya ɗaura ta huɗu, ya ja tiyub, ya kunna.

“Af, Baba Halliru, na ga mutuminka a kasuwar Babura. Guga da igiya yake sayarwa yanzu.”

“Ƙirrr, ƙirrr,” in ji marigayi.

“Wani mai amalanke notinsa ya kwance a gaban rumfarsa, ya ce Baba taimaka ka ɗaure mini, an ce kai tsohon ɗan tana ne. Wallahi sai ya ɓoye hannu a riga. Wai, ‘Ɗana, nemi wani. Ni hannuna ba shi da kyau a ƙarfe, na taɓa kashe rijiyar gari guda.’ Mutane suna ta dariya, shi kuwa ko murmushi. Na ce Baba Sama'ilu, abin da ya wuce shekara huɗu? Ya ce ai shi kullum ya ɗaga buta sai ya tuna.”

Malam Halliru ba zai iya cewa daƙiƙa nawa ya yi yana kallon bakin Musaddiƙ ba. Hannunsa dai ya bar Dagaci, bai kuma je ga makunni ba. Zare ya kai iyaka. Nan ne wurin “ƙwas,” nan ne ake buga ƙeya. Marigayi, bayan shekara huɗu yana kallon maigidansa, ya yi koyi da shi, ya ƙi buɗe baki. Ya ci gaba da cin ƙarfe har ya kai inda ba hanya. Aka ji “ƙaƙas!” sau ɗaya. Jikinsa ya tsage tun daga baki har ƙeya, inji ya shaƙe ya tsaya. Da aka ciro shi da ɗumi a jikinsa, kamar na mai zazzaɓi.

An kai shi wurin masu walda biyu, kowanne ya juya shi ya ce sai haƙuri.

Maƙwabta sun kyauta. Da suka ga shago a rufe, Malam Halliru a zaune a benci da abu a naɗe cikin tsumma a cinyarsa, sai suka mayar da abin zaman makoki, suna zuwa ɗaya-ɗaya suna danne dariya. Mai faci ya tsuguna ya ce, “Malam, ya haƙuri?” Ya amsa da godiya, amma a kunnensa “ya haƙori” ya ji. Mai shayi ya ce, “Allah ya sa ya huta, ya ci ƙarfe ya ƙoshi.” Mai faci ya ce ai yanzu sai Dagaci ya shiga takaba. Malam Halliru ya gode musu duka, kuma yana ƙara godiya a nan. A cikin masu ta'aziyyar babu wanda ya san marigayi ya tafi da magana a bakinsa. Tun ranar Talata, duk duniya mutum ɗaya ne ya san yadda haƙoran nan suka kwana a wancan daren na bazara, kuma ya gane cewa da can da suke su biyu, nauyin rabawa suke yi. Yanzu ko ya yi shiru har kabari ba mai tona shi. Wannan ne ya hana shi cin abinci.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara.

Ba za a yi sallah ba, ƙarfe ba ya bukata. Wanda ya yi niyyar addu'a, ya yi wa maƙerin da ya ƙera shi a wata ƙasa da ba mu sani ba, ya yi wa matan Gidan Bunu. Ana sanar da 'yan gwangwan kada su wahalar da sikelinsu, gawar ba ta sayarwa ba ce. Musaddiƙ ya zo ya ɗauki sandunansa takwas da suka rage a wurin mai faci, ya kai Kano, kada mutanen bayan Gwiwa su kwana da ƙishi saboda makokin wani.

An riga an yi wa marigayi wanka da kananzir. Malam Halliru da hannunsa, da tabarau a idonsa, ya mayar masa da haƙoransa yadda suke a waccan safiyar: ɗaya, uku, biyu, huɗu. An yi masa likkafani da tsumman kafaɗar da ke kan Dagaci.

Ba a Kazaure za a rufe shi ba. Yau Juma'a, bayan an liƙa wannan takarda a ƙofar shago, Malam Halliru zai ɗauki gawar a jaka ya shiga motar farko ta Babura. Zai nemi rumfar mai guga da igiya, ya ajiye ta a gabansa, ya kwance tsumman, ya ce masa ya karanta lambobin, tunda shi idonsa ƙalau ne. Sauran bayanin zai yi shi a tsaye, da ƙarfi, yadda maƙwabtan rumfa za su ji, don a gaban mutane aka yi na farko. Daga can, in ƙafa ta ɗauke shi, sai Gidan Bunu wurin mai gari. Inda za a binne marigayi, da ko za a sake buɗe shagon nan, da ko akwai sauran wanda zai kira wani Makaho, duk Sama'ilu ne zai faɗa, kuma abin da ya faɗa shi ke nan.

Halimatussa'adiyya, in kin zo kin tarar da wannan, makullin yana wurin mai shayi. Ba a bukatar 'yan rakiya.

Roƙo ɗaya ake yi ga duk wanda ya karanta. In kana da lambar Sama'ilu, ko motarka ta riga ta Malam Halliru isa Babura, don Allah kada ka gaya masa komai. Bakin da ya ɗaura maganar, a bar shi ya kwance ta.